Yaranmu sun iya wanda da wadda, me ya hana su iya who da which?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukan ma'aikatanka, ina roƙon ka tsakura mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana malaman Turanci. Iyayen yara ma su saurara, tunda su ne ke biyan kuɗin WAEC da NECO, su ne kuma ke kwana da takaici idan sakamako ya fito babu kiredit a Turanci. Ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a jihar Katsina, 'yan aji biyar da aji shida ne a hannuna tun da daɗewa.

Ba dukan Turanci zan kwaso ba, fili ba zai ɗauka ba. Kalmomi biyar nake so mu duba: "who", "whom", "whose", "which" da "that", tare da guntun zancen da kowacce ke janyowa a bayanta. Littattafan Turanci na kiran kalmomin "relative pronouns", guntun zancen kuma "relative clause". A ajin Hausa, wanda bango ɗaya ne tsakaninmu, malamin nahawu yana kiran wannan guntun zance ganga dogarau. Abu ɗaya ne, yaran ma su ne dai, amma da wuya ka sami ɗalibar da ta gane cewa abin da aka koya mata da Hausa da ƙarfe tara shi ne aka sake koya mata da Turanci bayan an dawo daga tara. Babu wanda ya taɓa gaya mata.

Yarinya 'yar shekara biyar za ta ce maka, "Matar da ta kawo nono ta tafi." Ba ta san sunan abin da ta yi ba, amma ta ƙulla ganga dogarau ba tuntuɓe. Har ma da abin da ya fi wannan wuya tana yi. Za ta ce "yaran sun zo", amma da zarar ta sa "da" sai ta ce "yaran da suka zo". Za ta ce "tana kuka", amma "yarinyar da take kuka". Ba za ka taɓa jin ta ce "yaran da sun zo" ba. Wato Hausa tana sauya kamannin lokacin aiki gaba ɗaya a cikin irin wannan ganga, abin da Turanci ba ya ma wahalar da kansa da shi. Wadda ta riƙe wannan ƙa'ida tun ba ta fara makarantar allo ba, ita ce muke tsayarwa a gaban aji tana 'yar shekara goma sha bakwai muna ce mata daƙiƙiya saboda ta kasa haddace ma'anar "defining relative clause" daga allo.

Alhali ma'anar ba wani abu ba ce. Ka ce wa monita, "Kira mini yarinyar." Dole ta tambaye ka, "Wace yarinyar, Malam?" Sai ka ce, "Yarinyar da ta share ofis jiya." Wannan ƙarin da ka yi shi ya ware mutum ɗaya daga cikin taro. In ka cire shi, monita ba ta san wa za ta kira ba. Duk gangar da ke amsa tambayar wanne, wacce ko waɗanne, ita ce Turawa ke kira "defining", mai fayyacewa. "The girl who swept the office yesterday." Ba a sa mata waƙafi gaba ko baya, saboda ita da sunan da ta biyo sun zama abu guda. Na kan bayyana wannan da Hausa cikin minti biyar, sauran lokacin darasi kuma in kashe shi a wuraren da harsunan biyu suka raba hanya, don nan ne aikin yake.

Na farko mai sauƙi ne. Hausa tambayarta ita ce, namiji ne, ko mace, ko jam'i? Sai ta ba ka wanda, wadda ko wacce, da waɗanda. Akuya wadda ce, mota wadda ce, Hajiya ma wadda ce. Turanci bai damu da wannan ba, tambayarsa ita ce mutum ne ko ba mutum ba: "who" ga mutane, "which" ga dabbobi da kayayyaki, "that" kuma ta shiga ko'ina a cikin ganga mai fayyacewa. Yara na kama wannan a rana ɗaya, ba na ɓata lokaci a kai.

Inda nake so malamai su tsaya su duba da kyau shi ne wannan jimla, wadda duk mai duba takardun yaran Arewa ya gaji da gani: "This is the knife that I cut the meat with it." Malam zai ja jan biro ya zagaye "it", ya rubuta cewa yarinya ba ta kula, ya wuce. Mako mai zuwa ta sake rubuta "the house that we live in it", ya sake zagayewa. Ruwa ba ya tsami banza. Ka faɗi jimlar da Hausa ka ji: "Wannan ita ce wuƙar da na yanka nama da ita." Gwada cire "ita" ɗin ƙarshe. "Wuƙar da na yanka nama da." Jimla ta rataye, kunne ya ƙi karɓa. Haka "gidan da muke zaune a cikinsa", "kujerar da na zauna a kanta", "mutumin da na yi magana da shi". Hausa ba ta yarda a bar "da" a ƙarshe ita kaɗai ba, sai an dawo da wakilin suna ya rufe gurbin. Turanci kuwa ƙa'idarsa ita ce a bar gurbin a buɗe, domin "that" ko "which" ta riga ta tsaya a madadin wuƙar, in aka ƙara "it" an ambaci wuƙa sau biyu. Don haka yarinyar nan ba rashin kula ke damunta ba. Kula take yi sosai, sai dai ƙa'idar Hausa take kula da ita. Muddin ba a ajiye mata jimlolin biyu kusa da juna an ce, "Ga inda Hausa ta mayar da wakilin suna, ga inda Turanci ya bar wurin fayau" ba, jan biro zai ƙare bai gyara komai ba.

Akwai wani taimako kuma da muke wofintarwa. Galibin ɗalibaina suna zuwa Islamiyya, wasu sun yi nisa a nahawun Larabci, sun san ismul mausul, wato takwaran wanda da wadda a Larabci, sun san allazi da allati da allazina. Sun san malamansu na cewa dole silar mausul, wato gangar da ke biye da shi, ta ƙunshi wani wakilin suna mai komawa gare shi, wanda ake kira a'id. Kullum suna karanta "allazina an'amta alaihim" a cikin Fatiha, ga "him" nan a ƙarshe tana komawa ga "allazina". Ka ga ke nan harsuna biyu ne, Hausa da Larabci, suka taru suka koya wa yarinya mayar da wakilin suna, Turanci ne bare a cikin ukun. Ranar da na fara rubuta layi uku a allo, na Hausa a sama, na Larabci a tsakiya, na Turanci a ƙasa, na ja layi a ƙarƙashin gurbin da Turanci ya bari, wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malama, ashe su ne ba su da a'id." Ita kam ta gama da wannan babi.

Daga wannan tushe ne matsalar "whose" ta fito, kuma ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Hausa ba ta da kalma guda da ke yin aikin "whose". Mu cewa muke yi "yaron da mahaifinsa ya rasu", "matar da aka sace akuyarta". Mallakar tana manne da sunan da ke cikin gangar: mahaifinsa, akuyarta. Sai yarinya ta ɗauko wannan gini ta rubuta "the boy that his father died", "the woman that her goat was stolen". A titi kowa zai gane ta, a Legas ma haka ake faɗa, amma mai duba takardar jarrabawa zai soke. Abin da nake ce musu shi ne, duk inda kuka ji "da" sannan ga "sa" ko "ta" ko "su" na mallaka manne da suna na gaba, to ku tattara su biyun ku dunƙule su zama "whose": "the boy whose father died". Kuma "whose" ba ta mutane kaɗai ba ce, duk da tana kama da "who". Ana cewa "a house whose roof leaks", gidan da rufinsa ke yoyo. Malamai da yawa suna hana wannan, suna tilasta wa yara "the roof of which", wanda ba kuskure ba ne amma ya fi nauyi a baki, kuma babu ƙa'idar da ta haramta na farkon.

Don kada wani ya ɗauka ginin Hausa wani naƙasu ne, Turanci ma ya taɓa yin haka. A tsohon Turanci kalma guda ce marar sauyawa take buɗe irin wannan ganga, kamar dai "da" tamu, kuma a rubuce-rubucen zamanin Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ana samun "that" sannan a dawo da "he" ko "his" a cikin gangar. Daga baya ne "who" da "which", waɗanda asalinsu kalmomin tambaya ne, suka samu gindin zama a wannan aiki. Ko rabon da aka yi na cewa "which" ba ta mutane ba ce bai daɗe sosai ba: fassarar Baibul ta zamanin Sarki James, ta 1611, cewa ta yi "Our Father which art in heaven". Na kan gaya wa yara wannan ba don su rubuta shi a jarrabawa ba, sai don su san ƙa'idojin nan al'ada ce ta masu harshe, ba ma'aunin hankali ba.

Wani wurin kuma sauƙin Hausa ne ke jawo wahala. "Da" ɗinmu guda ɗaya ce, ta ishe mu komai: garin da aka haife ni, garin da na ziyarta, ranar da muka haɗu, dalilin da ya sa na zo. Turanci sai ya rarraba. "The town where I was born", amma "the town which I visited". Yara suna haddace cewa "where" ta wuri ce, sai su rubuta "the town where I visited", tunda gari wuri ne. Gwajin da nake ba su shi ne su warware jimlar su gani. An haife ni a garin: akwai "a", to "where" ce, ko "in which". Na ziyarci garin: babu "a", garin shi ne abin da aikin ya faɗa wa kai tsaye, to "which" ce ko "that". Haka kuma "abin da". Turanci yana da hanya biyu, ko dai "what you said" ko "the thing that you said", ba a haɗa su. Mu kuwa sai mu ji "all what you said" ta cika gari, har a bakin manya a rediyo. Ingantacciyar ita ce "all that you said". "What" ta riga ta haɗiye "abin" da "da" a cikinta, ba ta bin bayan wani suna. Tunda na zo nan, Malam Edita, a ja kunnen masu gyaran rubutu a jaridunmu: "abin da" kalma biyu ce, a daina manne su.

Sai abin da ya fi kayar da yara a fahimtar labari, ba tare da su ko malamansu sun lura ba. Hausa ba ta yar da "da". Ba za ka ce "littafin na saya ya ɓata" kana nufin littafin da ka saya ba. Turanci kuwa, a ganga mai fayyacewa, yana iya jefar da "that" ko "which" ko "whom" idan ba ita ce mai aikata aikin da ke cikin gangar ba: "the book I bought", "the man we met". Bature ya fi son hakan ma a magana. To ka ba yarinya wannan jimla: "The man the police arrested has escaped." Sunaye biyu a jere, aikatau biyu a jere, babu wata alama a tsakani. Ka tambayi aji wa ya gudu, za ka ji wasu sun ce 'yan sanda. Idon Bahaushe yana neman "da" ne ya san ganga ta fara, bai same ta ba, sai ya ɓace. Maganin shi ne a saba musu da cewa duk inda suka ga suna ya biyo bayan suna ba tare da komai a tsakani ba, su gwada cusa "da" a ransu: mutumin da 'yan sanda suka kama. A kuma nuna musu inda ba a jefarwa. "The man who arrested me" ba ta zama "the man arrested me" ba tare da ma'ana ta sauya ba, domin a nan "who" ita ce mai kamun.

"Whom" kuwa, a bakin Turawan yau ta kusa zama kayan tarihi, sai a rubutu na hukuma da kuma bayan kalmomi irin su "to", "with", "for": "the man to whom I spoke". Amma masu shirya jarrabawa suna ƙaunarta, don haka dole a koyar. Inda za ka ce "he", sa "who". Inda za ka ce "him", sa "whom". Tarkon da suka fi kafawa shi ne irin "the man who I think stole the money". Yara na ganin "I think" sai su zaɓi "whom", alhali mutumin shi ne ya yi satar, "he stole", ba "him stole" ba. A kuma tuna musu "that" ba ta bin bayan waɗannan ƙananan kalmomi. Ana cewa "the house in which I live" ko "the house that I live in", ba a cewa "in that I live".

Yanzu ga zancen waƙafi, wanda shi ne darasin da ajina ya fi so. Littattafan da aka rubuta a Ingila kan ba da misali da ɗan'uwa ko 'yar'uwa. Ni da matar aure nake bayarwa, domin a ƙasarmu misalin yana da haƙora. Alhaji ya rubuta, "My wife who lives in Kano has given birth." Babu waƙafi. Gangar tana fayyacewa ke nan, tana amsa tambayar wace matar, wato akwai wata ko wasu a Funtuwa ko Daura. In kuwa ya rubuta, "My wife, who lives in Kano, has given birth," da waƙafi biyu, to mace ɗaya gare shi, zamanta a Kano ƙarin bayani ne kawai, in an cire shi ba a rasa gane wadda ake nufi ba. Na kan ce musu, ku dubi waƙafi da kyau a wasiƙar duk wanda ya zo neman aurenku. Dariya suke yi, amma ba na jin akwai wadda ta taɓa mance bambancin. Hausa ma tana da shi, da murya muke yi. "Matata da ke Kano ta haihu" a numfashi ɗaya ake faɗa. "Matata, wadda ke zaune a Kano, ta haihu" sai an ɗan dakata gaba da baya. A irin ta biyun Turanci ba ya karɓar "that", ba ya kuma yarda a jefar da "who" ko "which". Shi ya sa "Katsina, that is my home town," kuskure ne, sai dai "which". Sunan gari ko na mutum ya riga ya fayyace kansa, abin da zai biyo baya ƙari ne.

Wasu matasan malamai sun zo mini da wata doka, wai haramun ne a sa "which" a ganga mai fayyacewa, sai "that" kaɗai, hujjarsu kuwa kwamfuta tana ja wa jimlar layi. Wannan shawara ce da wani masanin Ingila, H. W. Fowler, ya bayar a 1926, shi kansa kuma ya yarda cewa ba haka galibin marubuta ke yi ba. Editocin Amurka ne suka ɗauke ta suka mayar doka, daga nan ta shiga manhajojin rubutu. Amma ko a Amurkan, jawabin da Shugaba Roosevelt ya yi a Disambar 1941 bayan harin Pearl Harbor cewa ya yi "a date which will live in infamy", babu wanda ya ce bai iya Turanci ba. A Turancin Ingila, wanda shi muka gada a makarantunmu, duka biyun daidai ne. Inda "that" ta fi daɗin ji shi ne bayan "all", "everything", "the only" da irin su "the best": "the best book that I have read". Kada a soke wa yarinya amsa sahihiya saboda layin da kwamfuta ta ja.

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar WAEC ya san tambayar nan da ke zuwa a ƙarƙashin labarin fahimta: a ciro wani guntun zance a ce mene ne sunansa a nahawu, mene ne kuma aikinsa. Maki ne na ɓagas ga wanda ya gane, amma yaranmu caca suke yi da shi. Da sun ga "that" sai su rubuta "adjectival clause", wato ganga mai siffanta suna irin wadda muke magana a kai, ko su rubuta "noun clause", wato gangar suna, duk wanda ya fara zuwa. Ga jimloli biyu: "The news that he brought shocked us" da "The news that he had died shocked us." A ido kamar tagwaye. Ka sa yarinya ta faɗe su da Hausa. Ta farko, labarin da ya kawo. Ta biyu, labarin cewa ya rasu. Shi ke nan, Hausa ta raba gardama: inda "da" ta fito, ganga dogarau ce, aikinta siffanta sunan da ta biyo, sai a rubuta cewa tana siffanta "news". Inda "cewa" ta fito, gangar suna ce. Turanci ya ɗora wa kalma ɗaya aiki biyu, Hausa ta ba kowane aiki kalmarsa. Gwajin yana da iyaka, dole a faɗa musu. "I know who took it" za ta ba ka "na san wanda ya ɗauka", amma ba siffantawa take yi ba, saboda babu wani suna a gabanta da take bayani a kai. Don haka tambaya ta biyu kullum ita ce, wane suna ne ke tsaye daf da ita? In babu, ba ita ba ce.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don sun sha faɗa mini a ɗakin malamai: wai in aka shigo da Hausa ajin Turanci yara za su saba da yin tunani da Hausa suna fassarawa. To da me suke tunani yanzu? Jimlar wuƙar nan da na kawo, ai ba a ajin da ake Hausa aka rubuta ta ba, a ajin da aka haramta Hausa ne, inda ake cin tarar duk wadda aka kama tana yi. Haramcin bai fitar da Hausa daga kan yarinya ba, malami kawai ya hana ganin abin da ke gudana a ciki. Mun zama kamar mai rijiya a tsakar gida da ya rufe ta yana jiran 'yan garuwa. Ba kuma sabon zance na kawo ba. Tun 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin nan na shekara shida, inda aka koyar da 'yan firamare darussansu da Yarbanci, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi guda, yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Ni ban ma kai nan ba. Ban ce a koyar da Turanci da Hausa daga farkon darasi zuwa ƙarshe ba. Yara na bukatar su ji Turanci, su karanta shi da yawa, su yi ta magana da shi har bakinsu ya saba. Abin da nake nema minti goma ne a cikin arba'in, a daidai gaɓar da ginin harsunan biyu ya saɓa, malami ya rubuta jimlar Hausa a allo ba tare da tsoron shugaban makaranta zai leƙo ya ce yana lalata yara ba.

Malamin da ba Bahaushe ba, kamar 'yan hidimar ƙasa da ake turo mana, ba a bar shi a baya ba. Ya rubuta jimlar Turanci, ya ce wa aji su ba shi ita da Hausa, ya tambaye su wace kalma ce ta ƙaru, wacce ta ɓace. Yaran za su yi masa aikin. Wata 'yar hidimar ƙasa daga kudu da ta zauna da mu ta gwada haka, ta dawo tana ce mini ashe Yarbanci ma yana mayar da wakilin suna a wasu wuraren, ita ma sai a lokacin ta gane dalilin da ya sa 'yan garinsu ke rubuta "the boy that his father".

Roƙona biyu ne. Shugabannin makarantu su sa malamin Hausa da na Turanci su zauna tare a farkon zango su daidaita jadawalinsu, yadda makon da ake ganga dogarau a wancan aji shi ne makon da ake "relative clause" a wannan. Ba ya cin ko kwabo. Kwalejojin ilimi kuma da ke yaye masu haɗa Turanci da Hausa a NCE su riƙa nuna musu yadda za su yi amfani da ɗaya wajen koyar da ɗayan, maimakon su riƙe su kamar darussa biyu da ba su san juna ba. Kai kuma, Malam Edita, ga ta ka: ka ware mana ko rabin shafi ne a mako, a riƙa bayanin nahawun Turanci da Hausa, da misalai irin na gida, musamman daga watan Janairu zuwa lokacin jarrabawa. Akwai masu gyaran takarda da ke zaune a gida ba su da kuɗin lesin, akwai matan aure da suka koma karatu, jaridarka na isa inda mu ba ma isa. In an buɗe filin, ni na ɗauki nauyin darasin "whose" da na waƙafi.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Wata malamar Turanci,
Jihar Katsina.